Baƙin Allo a Zauren Fatake

Duk wanda ya shiga zauren gidanmu a Agoè-Zongo, in ya dubi bangon da ke hannun hagu, zai ga wani fili mai kusurwa huɗu wanda ya fi sauran bangon santsi da duhu. An sha shafe shi da farar ƙasa, amma har gobe baƙin yana leƙowa ta ƙarƙashi. Baƙi kan zaci tabon hayaƙi ne, alhali kuwa allonmu ne. Mu muka yaɓa shi da siminti a farkon shekarar karatu ta 2008, muka fasa tsofaffin batura muka kwaɓa baƙin garinsu da kunu muka shafa, muka jira kwana biyu ya bushe. A jikinsa na fara fahimtar fizik, a gabansa kuma na cuci aminina ba tare da na sani ba.

Zauren ya fi ƙarfin gidan, kuma akwai dalili. Kakana mai gida ne a tsohon Zongo, wanda yake tsakiyar birni, ba nisa da babbar kasuwa. Fataken shanu da na goro sukan sauka wurinsa, ya ba su masauki da abinci, ya tsaya musu wajen ciniki, ya lamunce wa wanda ba a sani ba. Da aka rushe Zongon a 1977, aka kwaso mutanenmu zuwa nan arewa, wajen kilomita 15 daga teku, a bakin hanyar da ta nufi Atakpame da Sokode, sai tsohon ya rantse ba zai gina ɗakin kwanansa ba sai ya fara tayar da zaure kamar wanda ya baro. Ya tayar, amma fatake ba su ƙara cika shi kamar da ba. Lokacin da muka taso, tabarmi ne a naɗe a kusurwa, da buhunan dusa, da ƙwan lantarki guda ɗaya yana lilo daga rufi. Wannan ƙwan shi ya tara mu.

Mu biyar ne, dukanmu a ajin Première, sashen D, ajin da BAC I ke jira a ƙarshensa. Akwai ni. Akwai aminina ɗan mahauci, wanda muka yi makarantar allo tare tun muna sa ɗan kamfai. Akwai wani Bazabarme da mahaifinsa ke sayar da yadi, da wani maƙwabcinmu Ba'ewe wanda Hausarsa ta fi ta wasu jikokin Kanawa, sai wata 'yar Kotokoli da iyayenta suka zo daga Sokode. Ita takan zo bayan La'asar ta tafi kafin Magariba, domin mahaifiyarta ba ta yarda ta wuce haka ba, kuma ƙanenta yana zaune a bakin ƙofa yana gadi yana cin gyaɗa. Babu ɗaya daga cikinmu da gidansu ke iya biyan malamin da zai zo gida ya maimaita masa darasi, irin wanda 'ya'yan ma'aikata ke da shi. Jikkunan da ake biya duk wata, a gidajenmu kuɗin cefane ne.

Sai na bayyana yadda fizik ke zuwa mana, don ƙannenmu na yanzu su gwada da nasu. Mushe ya shigo aji cike maƙil, ya yi shifta da Faransanci, mu rubuta. Ya zana igiya da ƙarfe a allo, mu zana. A duk shekarun da na yi a sakandare ban taɓa riƙe ma'aunin wuta a hannuna ba, sai dai hotonsa a littafi. Ba na ganin laifin mushen, abin da ya samu shi ya ba mu. Mu kuwa 'yan Zongo muna da wata baiwa da ta zame mana tarko: mun iya hadda. Yaron da ya saba wanke allo bayan ya riƙe abin da ke kai, ba a ba shi tsoro da shafi uku na ƙa'idoji. Nakan haddace darasi da daddare, in zazzage shi da safe ba ragi ba ƙari, in sami 14 ko 15 bisa 20, a ce da ni haziƙi. Hadda kuwa tana da muhallinta, kuma ba raina ta nake ba. Amma fizik ba ta tambayar abin da ka riƙe, takan canza wa tambaya riga ne ta ga ko za ka gane ta.

Ranar da asirina ya tonu, tambaya ce ta yara ta tona shi. Ina tsaye a gaban allo na rubuta P = mg, ina bayani da Faransanci kamar mushe. Aminina ya yi hamma, domin tun kafin asuba yake mayanka tare da mahaifinsa, ya ce: "Kai, faɗa mini da Hausa. Mene ne masse?"

Na ce: "Nauyi."

"To poids fa?"

Na buɗe baki, na ji kalmar nan dai ita ce ke zuwa. Nauyi.

Ya ce: "Ashe ka rubuta mana nauyi daidai yake da nauyi sau 9,8. Wannan wane irin ciniki ne?"

Aka yi dariya, ni kuwa gumi ya karyo mini. Shekara nawa ina rubuta waɗannan kalmomi biyu, ina cin maki da su, ban taɓa lura cewa a cikin kaina abu ɗaya ne ba. Faransanci ya ba ni suna biyu, na ɗauka na san abu biyu.

Shi ne ya fid da mu, kuma daga rumfar ubansa ya ɗauko amsar. Ya ce a wurinsu sikeli iri biyu ne. Akwai mai faranti biyu, a ɗora nama a ɗaya, a ɗora duwatsun ƙarfe a ɗaya. Akwai kuma mai ƙugiya, wanda ake rataya kaya a jikinsa waya ta miƙe. Ya tambaya ko abu ɗaya suke aunawa. 'Yar Kotokolin ta buɗe littafi ta karanto mana cewa a duniyar wata, g bai wuce 1,6 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin shida na nan. Ta ce a kai buhun siminti mai kilo 50 can, a gani. Muka lissafa: a nan ƙasa tana jansa da newton 490, a can da kusan 80 kawai. Sikelin ƙugiya, tun da ja yake ji, zai nuna kilo 8 da 'yan kai. Mai faranti kuwa ba ruwansa, domin abin da ya rage wa buhun ya rage wa duwatsun, zai ce 50 ɗinsa. Aminina ya yi shiru, can ya ce: "Ke nan a kasuwar wata, mai saye zai zo da sikelin ƙugiya, mai sayarwa ya ce sam, sai mai faranti."

Daga ranar muka raɗa musu suna. Masse muka ce da ita "jiki", wato yawan abin da ke cikin abu, wanda ba ya canzawa ko ina aka kai shi. Poids muka ce da shi "ja". Ba na cewa a sa waɗannan a ƙamus, masana harshe suna da nasu aikin. Amma a zauren nan sun yi mana abin da shafi goma bai yi ba. Daga baya ma na gano cewa jan ƙasa a Lome ya ɗan gaza na Paris, 9,78 a nan kusa da tsakiyar duniya, 9,81 a can inda aka buga littattafanmu. Kwandon goro yana ƙara nauyi kaɗan in ya je Faransa, ba tare da an ƙara ƙwaya ɗaya ba. Da kakana ya ji wannan, da ya nemi a yi masa bayanin yadda za a ci ribarsa.

Da muka gane dabarar, sai muka bi sauran kalmomin da ita, muka tarar ramukan suna da yawa. "Sauri" muke cewa ga vitesse da accélération duka, sai da Ba'ewen ya kawo misalin 'yan zem: wanda ke sheƙa gudu a miƙaƙƙiyar hanya allurarsa na tsaye cak a 60, yana da sauri amma ba ya ƙara kome, wanda kuma ya tashi daga tsaye yana murza hannu, saurinsa kaɗan ne amma ƙaruwarsa babba ce. "Ƙarfi" kuwa ya fi kowa laifi. Da shi muke kiran force, da énergie, da puissance, har da tension ta lantarki. Ƙarfin wuta, ƙarfin inji, ƙarfin jaki. Makonni muka yi muna raba wannan gado. Kada wani ya ce Hausa ce ta gaza. Bafaranshen kan titi ma yakan ce poids alhali masse yake nufi. Bambancin kawai shi ne an zauna an yi wa harshensu shinge a makaranta, namu kuwa ba a taɓa gayyatarsa cikin aji ba.

Wata ranar Asabar muka fita daga allo muka nufi rijiyar tsakar gida. Littafi ya ce abin da aka saki yana faɗuwa tazarar rabin g sau lokaci sau lokaci. Bazabarmen yana da wata tsohuwar Nokia mai agogon ƙidaya. Ɗaya ya saki tsakuwa, ɗaya ya danna, duk mu kasa kunne mu ji "tsulum". Lokutan suka yi ta saɓawa, wani 1,3 wani 1,7, domin yatsa ba ya bin kunne nan take. Muka jefa goma muka raba, ya ba mu wajen daƙiƙa ɗaya da rabi, lissafi ya ce mita 11. Sai muka zaro igiyar guga muka auna da hannu: gaba shida daga baki zuwa inda ta jiƙe. Gaban babban mutum ya kusa mita 1,8. Ku lissafa da kanku. Ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba, cewa rubutun da ke cikin littafin Turawa ya san zurfin rijiyar gidanmu. Muna cikin ihu Inna ta fito da muciya a hannu, tana tambaya wane mara kunya ne ke cika mata rijiya da duwatsu, ko fizik ɗin ce za ta zo ta yashe ta.

A hutun Kirsimeti wani ɗan kawuna ya tsallako daga Accra ta Aflao. Shi tsarin Ingilishi yake bi, yana shirin jarrabawar WASSCE. Ya tarar muna kan karyewar haske, abin da ke sa ludayi ya zama kamar ya karye in an tsoma rabinsa cikin ruwa. Ya dubi allo ya ce wannan ai dokar Snell ce. Muka ce ta Descartes ce, ga shi a rubuce. Ya ce an cuce mu, muka ce shi aka cuta. Har waƙafin da muke sawa a 1,33 ya ce kuskure ne, ɗigo ake sawa. Haka jikokin mutum ɗaya suka kusa dambe, ɗaya yana kare Baholande, sauran suna kare Bafaranshe. Shekaru bayan haka na karanta cewa wani masani a Bagadaza, Ibn Sahl, ya riga ya zana wannan ƙa'ida wajen shekarar 984, fiye da shekara 600 kafin su biyun. Na aika wa ɗan kawun nawa, ya amsa da cewa to an yi canjaras.

Yanzu sai in zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A cikinmu babu wanda ya kai aminina ganin yadda abubuwa ke aiki. In aka fassara masa tambaya da Hausa, kafin in gama zana hoto ya faɗi inda amsar za ta faɗa. Amma a bar shi shi kaɗai da takarda, sai ya tsaya kamar wanda aka ɗaure. Faransancinsa na kasuwa ne da filin ƙwallo. Jimlolin jarrabawa kuwa dogaye ne, kuma rabin amsar a ɓoye take cikin ƙananan kalmomi. In an ce an saki abu sans vitesse initiale, an gaya maka saurin farko sifili ne. In an ce on néglige les frottements, an yafe maka gogayya, ka cire ta daga lissafi. In an ce en déduire, ana nufin ka hau kan amsar da ka samu a sama, kada ka sake sabon gini. Shi yakan bi ta kansu bai gan su ba, ya tsaya yana neman lambar da ba a ba shi ba, alhali an ba shi da baki.

Me na yi? In an ba mu aikin gida, yakan zo da ido jajur don rashin barci, ya ce: "Aboki, taimake ni." Ni kuwa in miƙa masa littafina ya kwafe. Ina jin daɗi har cikin raina, ina ganin na cika zumunci. A aji ma, wurin zamanmu ɗaya, kuma hannuna bai cika rufe takardata ba. Makinsa ya yi kyau. Mushe bai ga rami ba, mahaifinsa bai gani ba, shi kansa ya fara mantawa da shi.

'Yar Kotokolin ce kaɗai ta gani. Ita ba ta ba kowa littafinta, har muna ce mata marowaciya. In ka tambaye ta, sai ta tura maka takardar ta ce: "Karanta da ƙarfi. To, me aka ba ka? Me ake nema? Faɗa da bakinka." In ka faɗa da Hausa ta ce madalla, yanzu mayar da shi Faransanci ka rubuta. Wata rana da za ta tafi ta tsaya a bakin zaure ta ce da ni, a hankali don kada ya ji: "Ranar BAC ba za a zaunar da ku benci ɗaya ba." Na ji haushi. Na ce a raina, me mace ta sani game da abota? Allah Ya yafe mini wannan tunani.

Abin da ta fahimta, wanda ni ban fahimta ba sai da aski ya zo gaban goshi, shi ne aikin zauren nan zuwa ne da dawowa. Mun iya ɗauko fizik daga Faransanci mu kawo ta Hausa, kuma a nan ne muka gane ta. Amma mai gyaran takarda ba ya jin "jiki" da "ja". Dole a sake ɗaukar kayan a mayar da su inda aka ɗauko. Mu huɗu muna iya komawa da ƙafarmu. Shi yana bukatar a raka shi, kullum, layi bayan layi, aiki mai cin rai wanda ba a yi wa mai yinsa godiya. Kakana in baƙo ya sauka, ba abinci kawai yake ba shi ba, yakan kama hannunsa ya kai shi kasuwa, ya nuna masa wa ake yarda da shi, ya koya masa gaisuwar Mina, har ranar da zai iya zuwa shi kaɗai. Ni na ciyar da baƙona a zaure na bar shi a nan.

Sakamako ya fito a damina. Mu huɗu muka wuce. Na bi jerin sunaye sau uku ina neman nasa. Ya maimaita ajin, amma a shekarar mu muna Terminale, kowa na ta kansa, zaure ya koma na lissafin BAC II, shi kuwa kunya ta hana shi zuwa ya zauna da darasin bara. Ya sake faɗuwa. Mahaifinsa ya ce karatun ya isa haka. Ba na cewa ni kaɗai na jawo, akwai mayanka da asuba, akwai aji mai cunkoso, akwai gidan da babu mai karanta Faransanci. Amma na san rabona a ciki, kuma bai taɓa buɗe baki ya ɗora mini ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Bai zauna a fawa ba. Ya koyi gyaran lantarki, yau yana da rumfa a bakin babbar hanya, yana naɗa wayar fanka da injin jan ruwa, yana kafa faifan hasken rana a gidajen mutane. Ni na je Jami'ar Lome, na ƙare a ofis inda ba a taɓa tambayata dokar Ohm ba. In firjina ya lalace shi nake kira, ya zo ya sa kunne ya faɗi ciwon kafin ya kwance ƙusa.

Watan jiya, da dare, saƙo ya shigo mini ta WhatsApp. Babbar 'yarsa ce, tana ajin Seconde. Ta ɗauko hoton wata tambaya, ta rubuta a ƙasa: "Baffa, don Allah amsa, gobe za a karɓa." Haka suke yi yanzu, hoto ya tafi, hoton amsa ya dawo, wani lokaci ma ba mutum ne ya warware ba. Na ɗauki biro, cikin minti biyar na gama, na ɗaga waya zan ɗauki hoton. Sai na ajiye. Na rubuta mata cewa ta zo zaure bayan sallar Isha, ta taho da babanta.

Suka zo. Na miƙa mata takardar na ce ta karanta da ƙarfi. Ta karanta tiryan-tiryan, Faransancinta ya fi nawa daɗin ji. Na ce to me ake nema, faɗa da Hausa. Ta yi shiru tana murza gefen mayafi. Tambayar a kan buhu ce da aka rataya a sikeli mai waya.

Uban yana zaune a kan buhun dusa, bai ce kome ba tun shigowarsu. Sai ya ce: "Sake karanta mini layin farko, a hankali." Ta sake. Ya ce: "Wannan kalmar ta biyu, jiki ce ko ja?" Yarinyar ta dube shi, ta dube ni, ba ta san me yake nufi ba. Ya tashi ya nufi bangon hagu, ya shafa tafin hannunsa a kan farar ƙasar, ya juyo yana tambaya ko akwai alli a gidan. Babu. Muka ba wani yaro dala biyar ya ruga shagon bakin masallaci kafin a rufe.